Tarihin Marigayi Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina: Ɗan Ƙauyen Da Bai San Ja Da Baya Ba

Gabatarwa

A ci gaba da kawo wa jama'armu tarihin mashahuran mutanen da Jihar Katsina ta haifa, a wannan karo mun waiwayi shiyyar Funtuwa, wato yankin kudancin jiha wanda ya ƙunshi ƙananan hukumomi 11, waɗanda suka haɗa da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Musawa da Ƙanƙara da Faskari da Ƙafur da Ɗanja da Ɗandume da Sabuwa da Matazu. Wannan yanki shi ne rumbun abincin jiharmu, kuma a cikinsa ne aka haifi marigayi Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina, a cikinsa ya tashi, a cikinsa kuma ya yi mafi yawan rayuwarsa.

Da wuya a sami gida a wannan yanki da ba a taɓa ba da labarin Shata a cikinsa ba. Ko a bakin wuta lokacin hunturu, ko wajen sussukar dawa, ko a rumfar kasuwa, dattawa kan ba jikokinsu labarin ranar da suka gan shi da idonsu, ko abin da iyayensu suka gaya masu game da shi. Labaran kan sha bamban daga gari zuwa gari, amma duk sun haɗu a kan abu guda, wato shi mutum ne wanda in ya sa kansa yin abu ba ya juyawa. Abin da muke son nunawa a nan shi ne, wannan hali nasa ba daga sama ya faɗo ba. Ƙasar da ya tashi a cikinta, da wahalar da mutanenta suka sha a zamaninsa, su ne suka ƙera shi.

Asalinsa Da Haihuwarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa cikin shekarar 1923, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa sunanta Lariya. Dukansu biyu Fulani ne, ita Lariya daga cikin waɗanda ake kira Fulata-Barno take, kuma ziyarar dangi ce ta kawo ta Musawa, inda Allah Ya haɗa aurenta da Ibrahim Yaro. Gidansu ba gidan sarauta ba ne, ba kuma gidan kiɗa ba ne. Gida ne na noma da kiwo da ɗan ciniki, irin gidajen da mafi yawanmu muka fito daga cikinsu.

Shata ya yi karatun allo yana yaro kamar sauran tsararsa, amma bai shiga makarantar boko ba. Makarantarsa ta biyu ita ce gona da kasuwa da dandali, kuma a nan ya koyi Hausar da daga baya malaman jami'a suka zauna suna nazarinta.

Ƙasar Da Ya Tashi A Cikinta

Domin a fahimci Shata, ya kamata a tuna da halin da talakan ƙauye yake ciki a shekarun ƙuruciyarsa. Shekara goma kafin haihuwarsa aka yi babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 wadda ake kira Kakalaba, kuma iyayensa suna cikin tsarar da suka gan ta. Yana ɗan shekara huɗu aka yi yunwar 1927, wadda aka sani da 'Yar Buhu. A farkon shekarun 1930 fara ta yi ta sauka a gonakin ƙasar Hausa, sa'an nan farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas saboda karayar ciniki da ta game duniya. Duk da haka haraji da jangali ba su tsaya ba. Magidanci kan sayar da hatsinsa da kaka yana araha domin ya biya haraji, sa'an nan ya dawo ya saye shi da tsada cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aikin gona ya kai wuya.

Shata yana saurayi aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1942 da 1944 Turawan mulki suka riƙa ɗibar majiya ƙarfi daga ƙauyuka zuwa aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos, a daidai lokacin da aka sake shiga wata yunwar, wadda ake kira 'Yar Gusau saboda yadda mutane suka riƙa nufar Gusau neman hatsi. Yaron da ya tashi cikin irin wannan yanayi, ko dai ya karaya ya sallama wa duniya, ko kuwa zuciyarsa ta yi tauri. Shata yana cikin kashi na biyu.

Tallan Goro Da Samun Laƙabi

Sana'ar da Shata ya fara yi bayan noma ita ce tallan goro, daga baya kuma ya yi tallan alewa, yana bin kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da Musawa. Labarin da ya fi yaɗuwa game da laƙabinsa daga wannan zamani ya samo asali. An ce in ya sayar da kayansa, maimakon ya kawo kuɗin gida, sai ya rabar da su ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya dawo hannu rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa da cewa ya yi shata da su, wato ya rabar. Daga nan wani babba a danginsu ya riƙa kiransa Shata, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Wannan labari yana da ban dariya a yau, amma mu dubi yadda zai kasance ga gidan talaka a wancan zamani, lokacin da kwabo guda yake da daraja, kuma ake ƙirga kowane anini saboda haraji. Yaron da ke rabar da riba a irin wannan gida ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga iyayensa. Amma tun daga nan aka fara ganin halaye biyu da bai rabu da su ba har ƙarshen rayuwarsa, wato sakin hannu, da rashin tsoron gobe.

Taƙaddama Da Mahaifinsa

Shata ya fara waƙa ne a dandali, inda samari da 'yan mata kan taru bayan cin abincin dare. Ba don kuɗi ya fara ba, wasa ne na ƙuruciya, amma ba a daɗe ba sai ya tsere wa tsararsa, har aka fara zuwa daga wasu ƙauyuka domin a ji shi. A nan ne ya yi karo da mahaifinsa.

Malam Ibrahim Yaro bai yarda ɗansa ya zama mawaƙi ba, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana. Bai kamata mu yi saurin ɗora wa dattijon laifi ba. A wancan zamani kiɗa da waƙa roƙo ake ɗaukarsu, kuma sana'a ce ta gado, wadda wanda bai gada ba in ya shige ta ake ganin ya zubar da mutuncin gidansu. Ga Bafulatani kuwa, wanda aka rena a kan kunya da kamun kai, abin ya fi tsanani. Bayan wannan kuma, gandu hannu yake bukata, kuma kowane saurayi da ya bar gona ya rage wa gida damman da za a ɗaure da kaka. Uban yana kare mutuncin gida da abincinsa, ɗan kuma yana bin baiwar da ya tabbata Allah ne Ya ba shi. Masu taurin rai biyu ne suka haɗu a gida ɗaya, kuma ana iya cewa a wurin uban ɗan ya gaji taurin.

A ƙarshe Shata ya bar talla ya rungumi waƙa baki ɗaya. Ya ɗauki makaɗan kalangu, ya shiga bin ƙauyuka da kasuwanni da wuraren buki. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna wa duniya cewa mutum na iya yin waƙa ba tare da ya zubar da girmansa ba, kuma wannan shi ne aikin da ya yi fiye da shekara hamsin yana yi.

Zaman Bakori

Daga Musawa Shata ya koma Bakori da zama, bisa gayyatar ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, wanda a lokacin yake aikin En'e a can, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari, kuma daga nan ya fara fita zuwa manyan birane kamar Katsina da Kano.

Komawarsa Bakori ta sa shi a tsakiyar ƙasar auduga. Tun ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa Funtuwa, kuma kamfanin auduga na Ingila, wato BCGA, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. In an buɗe fuloti bayan kaka, manoma kan kawo audugarsu a kan jakai a auna a sikeli, kuɗi su shiga hannu, a biya haraji da bashi, abin da ya rage a yi aure da suna da sutura. Wannan lokaci ne kasuwar mawaƙi kan buɗe. A irin waɗannan tarurruka Shata ya san manoma da fatake da direbobi da 'yan kamasho da mahauta da mata masu sana'a, su ne kuma suka zama mutanen waƙoƙinsa.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki a Kano. Wasan da Shata ya yi a wurin shi ne ya fito da sunansa fili a birni, daga nan kuma tauraronsa bai sake dusashewa ba.

Funtuwa Ta Zama Gida

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, Shata ya tashi daga Bakori ya koma Funtuwa, ƙasar Sarkin Maska. Ya zauna a nan kusan shekara arba'in, duk da yake yana da gida a Kano da kuma mahaifarsa Musawa. Mutumin da sunansa ya kai ko'ina, wanda da ya so da ya tare a Kaduna ko Kano, sai ya zaɓi zama a garin manoma da 'yan kasuwa, kusa da gonakinsa, domin duk shahararsa bai saki noma ba.

A nan ya kamata a lura da abin da ya bambanta shi da wasu manyan makaɗan zamaninsa. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun yi suna ne a matsayin makaɗan fada, kuma sun kai matuƙa a fagensu. Shi kuwa Shata bai ɗaure kansa a fada guda ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar wanda ya zama babban ubangidansa, amma haka kuma ya yi wa talakawan da ba su da sarauta ko dukiya, in dai sun burge shi. Ya yi waƙoƙi a kan noma da sana'o'i da aure da addini da sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da tsuntsaye da namun daji. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, sai da ya yi wa kumbon waƙa, ya kawo labarin har cikin bukkar manomi. An san shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa, nan take yake ƙirƙira ta a gaban jama'a, kuma shi da kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba. Fitacciyar waƙarsa ta kirarin kai, wadda ake kira Bakandamiya, ta zama ma'aunin da ake gwada manyan waƙoƙi da shi.

Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai muryarsa har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan, duk inda Bahaushe yake.

Shekarun Fari Da Sauyin Noma

Zaman Shata a Funtuwa ya zo daidai da manyan sauye-sauyen da suka sami manoman wannan yanki. Daga 1972 zuwa 1974 aka yi mummunan farin nan da ya kashe dabbobi ya ƙone amfanin gona a faɗin ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, abin da ya taimaka wajen kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma daga lokacin ne masara ta fara zama babban amfanin gona a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedkwatarta a Funtuwa, sa'an nan a 1986 gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya koma yana fuskantar kasuwa shi kaɗai.

Duk waɗannan abubuwa a gaban idon Shata suka faru, kuma a matsayinsa na mai gona sun shafe shi kamar yadda suka shafi maƙwabtansa. Wannan ne ya sa in ya yi kira a tashi a nemi na kai, ko ya yi wa malalaci habaici, mutanen karkara ba su ɗauke shi a matsayin baƙo mai yi masu wa'azi daga birni ba. Nasu ne yake magana, wanda ya san zafin ranar huɗa da nauyin dami.

Siyasarsa

Halin nan nasa na tsayawa a kan ra'ayi ya bi shi har fagen siyasa. A zamanin siyasar farko ya karkata ga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, a lokacin da yin haka ba abu ne mai sauƙi ba ga mawaƙin da ke hulɗa da masu sarauta. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. Bai daɗe a kan kujerar ba, domin saɓani ya shiga tsakaninsa da manyan jam'iyyar, aka sauke shi. Ya gwammace ya rasa muƙamin da ya lanƙwasa ra'ayinsa.

Ba za mu ce Shata bai da masu suka ba. Akwai malaman da ba su ji daɗin wasu waƙoƙinsa ba, akwai kuma mutanen da zambonsa ya taɓa, waɗanda iyalansu ba su manta ba. Harshensa kaifi biyu gare shi, kuma manya da yawa suna shakkarsa kamar yadda suke ƙaunarsa. Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye wannan. Amma ko masu sukarsa sun yarda da cewa ba ya munafunci, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa.

Girmamawar Da Ya Samu

Sana'ar da aka so hana shi ita ce ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazarin da ya yi a kan Shata da waƙoƙinsa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sa'an nan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Yaron da bai taɓa zama a aji ba, wanda mahaifinsa ya ji tsoron kada ya zama abin kunya ga dangi, sai ga shi cikin rigar malaman jami'a ana kiransa Dakta. Tun daga lokacin iyaye da yawa suka sake duban yadda suke kallon mawaƙan Hausa.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Shata ya yi fama da rashin lafiya, har aka kai shi asibiti a Jidda ta ƙasar Saudiyya. Bayan ya dawo aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, inda Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76 a duniya. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. Ya bar mata da 'ya'ya da jikoki masu yawa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Abin Da Ya Bar Mana

Kusan kowane gida a ƙasar Funtuwa da Malumfashi yana da nasa kakan mai taurin rai: wanda ya ƙi sayar da gonar gado a shekarar yunwa, ko wadda ta riƙe marayu da kaɗi da surfe, ko wanda ya tafi cin rani a ƙasa ya dawo da kuɗin haraji. Sunayensu ba su shiga rediyo ba, amma a kan wuyansu gidajenmu suka tsaya. Shata ɗaya ne daga cikinsu, sai dai shi Allah Ya ba shi murya, duniya ta ji shi. Shi ya sa in ana ba da labarinsa a gidajenmu, sau da yawa akan zarce zuwa labarin kakannin gidan.

Manoman wannan yanki na yau ma suna da nasu jarrabawar, daga tsadar taki da sauyin damina, har zuwa matsalar 'yan bindiga da ta raba iyalai da dama da gonakinsu a shekarun baya-bayan nan, musamman a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Tarihin Shata ba zai sayo buhun taki ba, amma yana tuna mana cewa mutanen wannan ƙasa sun ga Kakalaba da 'Yar Gusau da farin 1973, kuma ba su bar gona ba.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi da malaman makarantu, da su taimaka a rubuta labaran da ke bakin dattawanmu tun suna raye, na Shata da na sauran magabata waɗanda ba a san su a wajen garuruwansu ba. Waɗanda suka ga Shata yana saurayi sun kusa ƙarewa, kuma duk dattijon da ya tafi da labarinsa, ba mai dawo mana da shi. Haka kuma muna kira ga iyaye da su dubi baiwar da Allah Ya yi wa 'ya'yansu da idon basira, su kuma matasa su tuna cewa Shata bai raina gona ba ko bayan da ya zama Dakta.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, amin.